Littafin bashin Kawu: yadda 2/11/2023 ta kusa raba zumuncin shekara talatin

Kawuna ya rasu cikin watan Azumin Tsofaffi na 1445, wato ƙarshen Janairu 2024. Fiye da shekara arba'in ya yi yana sayar da atamfa da yadi a babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, wasu kayan na masaƙar Cicam ne ta gida, wasu kuma ta Mubi suke shigo masa daga Najeriya. Ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai, ya bar gida da shago, ya kuma bar wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado wanda ba mai buɗewa sai shi da babban ɗansa. A ciki akwai littattafan lissafi biyu da damin takardu ɗaure da tsumma.

Bayan sadakar bakwai malamin unguwarmu ya tara mu, ya ce ko allura ba za a taɓa cikin dukiyar ba sai an fitar da bashi, domin ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun sa bashi da wasiyya gaba da rabon magada. Da aka zo kan wanda zai zauna da akwatin, sai ido ya dawo kaina. Lissafi nake koyarwa a wata makarantar sakandare a nan garin, na yi allo ina yaro, ina karanta ajami, ina kuma taɓa Ingilishi. Na karɓa hannu bibbiyu, a zatona aikin mako guda ne. Mako biyar na yi a kai, a tsakiyarsa kuma na aika wa aminin Kawu wani adadi da ya hana dattijon barci. Ba wanda ya yi niyyar cutar wani a wannan lamari. Kowa ya rubuta lamba yadda aka koya masa, makarantun ne ba ɗaya ba.

Hannun Kawu

Littafi na farko Kawu ne ya rubuta shi da kansa, da ajami, lambobinsa na Larabci. Taubashina, babban ɗan marigayin, makarantar Faransanci ya yi, bai yi nisa a allo ba. Ya buɗe wani shafi ya ɗora yatsa kan ٥٠٠ ya ce, "Yaya, wannan fa? Sifiri da ɗigo biyu?" Na ce masa ɗari biyar ke nan. Biyar ta Larabci zagaye ce kamar sifirin boko, sifirinsu kuwa ɗigo ne, shidarsu (٦) kuma in ba ka saba ba bakwai za ka kira ta. A tsohuwar takarda da ta sha damina talatin, wannan ɗigon abin tsoro ne. Ɗison tawada ko kashin ƙuda ya isa ya ninka bashi sau goma. Akwai wuraren da sai da na fita tsakar gida na kara shafin da hasken rana kafin in yarda ɗigo ne na alƙalami.

Kwana uku na yi ina kwafe sunaye da lambobi, ina jin na kama hanya. Ranar ta huɗu wani tela ya yi sallama, tsohon abokin cinikin Kawu, ya zauna ya yi gaisuwa ya ce ya zo ne ya sauke nauyi, marigayi na bin sa sefa dubu sittin. Na duba takardata, 12,000 na rubuta gaban sunansa. Na ce, "Baba, dubu sha biyu ne a littafi." Ya yi murmushi ya ce, "Ai kawunka da dala yake rubutu, Malam." Na ninka 12,000 sau biyar, ga 60,000 cif. Da mutumin nan ya so, da ya ajiye dubu sha biyu ya tashi ina yi masa godiya. Allah ya saka masa da alheri.

Duk wanda ya taso a kasuwar ƙasashen sefa ya san wannan ƙirga, sai dai ba ma tuna ta idan muka ga lamba a takarda. Baki da dala yake ciniki, dala ɗaya sefa biyar. Mai tumatir ta ce maka "ashirin", sefa 100 take nufi, ta ce "ɗari", ka miƙa mata 500. Dala metan, wato sefa 1,000, ita ce jaka, Fulani su ce boro. A Njamena ma haka abin yake, sai dai su riyal suke cewa, kuma "miya" a bakinsu sefa 500 ce. Sunan dala ya girmi sefar kanta, wadda sai a Disamba 1945 aka ƙirƙiro ta. Ya samo asali tun zamanin azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780, wadda fatake suka yi ta yawo da ita har ƙasar Hausa. Ka tsallaka iyaka kuma kalmomin su sauya maka fuska: a Mubi in ka ce dala, kuɗin Amurka za a ɗauka, jaka kuwa a bakin tsofaffinsu fam ɗari ce ta da, wadda ta koma naira 200 da aka sauya kuɗi a 1973.

Na koma shafi na farko na sake duba komai. A nan na lura da ƙananan haruffa da Kawu ke maƙalawa gefen wasu lambobi, waɗanda da farko na ɗauka ƙawa ce ta alƙalami. Inda ya sa jim, jaka yake nufi. Inda ya sa nun, naira. Inda bai sa komai ba, dala. Ashe ٣٠ mai jim, da na yi wa kallon ɗan canji, sefa 30,000 ce, ta fi ٥٠٠٠ da ke samanta, wadda ba ta wuce 25,000 ba. Tsarinsa tsaf yake, ba kuskure ko ɗaya. Aibinsa guda ne: mabuɗinsa a kan mai shi yake, kuma mai shi yana kabari.

Kwanan wata kuwa da ganin wata yake tafiya. "Biyar ga watan Gani." "Bayan Babbar Sallah da kwana uku." Shekara sau ɗaya yake rubuta ta, a kan shafin da Muharram ya kama, in shafin ya yage to shekarar ta tafi da shi. Wani wuri cewa kawai ya yi "shekarar da sefa ta faɗi", wannan kam kowa ya san Janairu 1994 ne, lokacin da aka rage darajarta da rabi.

Littafi na biyu taubashina ne ya riƙe shi tun da idon Kawu ya fara rauni. Nan komai Faransanci ne ko da kalmomin Hausa ne: 1.250.000 F da ɗigo tsakanin dubbai, yadi 2,5 da waƙafi don biyu da rabi, ƙarfe 16h, rana kafin wata. Ni wannan gidana ne, haka nake rubutawa a allon aji kullum. Matsalar da na samu ɗaya ce. Kawu na faɗa da baki, yaro na rubutawa, kuma ba kullum yake tuna ya juya dala zuwa sefa ba. Uba ya ce "rubuta dubu biyu", ɗa ya rubuta 2.000 F, alhali sefa 10,000 ake nufi. Yawancinsu mun warware ta hanyar tambayar masu bashin. Guda huɗu suka gagara, magada suka yarda cewa inda Kawu ke bi a ɗauki ƙaramin adadi, inda ake bin sa a biya babban.

Takardar Mubi

Bashi mafi girma a kan Kawu na amininsa ne, wani Alhaji a Mubi, wanda suka shekara talatin suna hulɗa ba tare da ko shaida ba. Al'adarsu ita ce Alhaji ya ɗora kaya da farashin naira, ranar da aka ɗora a juya kuɗin zuwa sefa bisa canjin wannan rana, bashin ya tsaya a sefa. Kaya na ƙarshe ba a rubuta sefarsu a ko'ina ba. Abin da na samu a damin takardu shi ne wata takarda mai shafi biyu da ɗan Alhaji ya buga da kwamfuta. Layin farko ya ce: 2/11/2023, atamfa, N4,200,000.00.

Taubashina ya fara zuba lambobin a na'urar lissafi ta waya, ya haɗa da sifiran nan biyu na ƙarshe, ya ɗago ido a firgice, miliyan ɗari huɗu da ashirin. Na kwantar masa da hankali, na ce a Najeriya waƙafi ke raba dubbai, ɗigo kuma ke raba naira da kwabo, akasin namu. Na ji daɗin kaina da na kama wannan. Kwanan watan kuwa ko kallo na biyu ban yi masa ba. Biyu ga watan sha ɗaya, 2 ga Nuwamba 2023. Na je wurin wani mai canji da ke ajiye littafin farashi na kowace rana, ya duba mini farkon Nuwamba, muka lissafa, kuɗin ya kama wajen sefa 2,300,000. Na rubuta wa Alhaji saƙo cikin ladabi, na ce ga abin da muka samu, in sha Allahu za a biya kafin azumi.

Bayan isha'i wayata ta yi ƙara.

"Malam, ɗana, kai ka yi wannan lissafin?"

"Ni ne, Baba Alhaji."

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sa'an nan ya ce, "To. In abin da marayu za su iya ke nan, na karɓa, sauran na yafe duniya da lahira. Amma kada a ce mini shi ne bashin. Ni da kawunka ba mu taɓa ƙirga wa juna ƙarya ba."

Jikina ya yi sanyi. Ba faɗa ya yi ba, da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Baba, don Allah a gafarce ni, wane lokaci kayan nan suka taso?" Ya ce ai ba zai manta ba, lokacin wahalar sabon kuɗi ne, mutane na kwana a bakin banki, tsabar naira ta ɓace a kasuwa, ana saura mako biyu zaɓen shugaban ƙasa. Ya ce ranar Asabar aka ɗora su.

Zaɓen Najeriya ranar Asabar 25 ga Fabrairu 2023 aka yi shi. Ka cire mako biyu, ka sami Asabar 11 ga Fabrairu. Ita kuwa 2 ga Nuwamba Alhamis ce. Ina riƙe da wayar na jawo takardar na juya shafi na biyu, wanda ban taɓa karantawa da kyau ba saboda ƙananan kuɗin mota da dako ne a ciki. Layi na uku ya ce 3/25/2023. Ba wata na ashirin da biyar a duniya. Kwamfutar ɗan Alhaji a tsarin Amurka ta zo, inda wata ke gaba rana na biye, ba wanda ya taɓa sauya mata, shi kuma yaron ya saba da ita har ba ya gani. Ba ma tsarin Najeriya ba ne, domin su ma rana suke sa wa gaba kamar mu. Na buɗe littafin taubashina a shafukan Fabrairu, ga shi ɓaro-ɓaro a 13/02: "kayan Mubi sun iso", ba adadi.

Tsakanin Fabrairu da Nuwamba na 2023 naira ta faɗi warwas, musamman bayan da babban bankin Najeriya ya saki farashin canji a watan Yuni. Da mai canji ya sake duba mana ranar gaskiya, bashin ya tashi wajen sefa 3,400,000. Sefa 1,100,000 na zabge wa dattijon, kusan sulusin haƙƙinsa, da sunan marayun amininsa.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya sa na tsaya na bincika ɗigon tawada da hasken rana amma na haɗiye wannan ba tauna. Amsar da na samu ita ce takardar inji ce ta buga ta. Rubutun hannu na tsoho mukan yi masa kallon tuhuma, abin da ya fito daga kwamfuta kuwa sai mu ɗauka ya gama magana. Alhali injin bai san Garwa ba, bai san Mubi ba. Daga baya na zauna na ƙirga: duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba ana iya karanta ta ta fuska biyu, ban da irin su 1/1 da 2/2 da ba su sauyawa. Sha biyu sau sha biyu 144, a cire 12, saura 132. Kwana 132 a kowace shekara, fiye da sulusinta, lamba zalla ba ta isa ta gaya maka ranar ba.

A daren na sake kiran Alhaji na ba shi haƙuri, na bayyana masa inda kuskuren ya fito. Ya ce, "Matambayi ba ya ɓata, ɗana. Da ka kira ni tun farko." Ya ce zai zo da kansa a rufe maganar a gaban Malam.

Daren Juma'a

Malam ya sa zama "daren Juma'a bayan isha'i". Waɗanda ke wurin duk sun ji da kunnensu, Alhaji ma da aka gaya masa ya gane. Saura ɗan Kawu na biyu da ke aiki a Yawunde, wanda ya fi sakewa da Faransanci a rubuce. Ni na tura masa saƙo, na fassara kalma da kalma: "vendredi soir, 20h".

A lissafin Musulunci rana daga faɗuwar rana take farawa, dare ke gaba yini na biye. Shi ya sa ake fara asham tun daren da aka ga wata, kafin a tashi da azumi. Daren Juma'a, a bakin Malam da duk wanda ya yi allo, shi ne daren da Alhamis ta wuce za a wayi gari Juma'a. A lissafin agogo kuwa rana sai sha biyun dare take juyawa, saboda haka abin da na rubuta wa yaron daren Asabar ne a wurin Malam. Na san wannan sarai, tun ina yaro nake jin ana cewa daren Juma'a, amma da hannuna ya koma Faransanci sai kaina ya bi shi.

Ranar Alhamis 7 ga Maris kowa ya hallara, an shimfiɗa tabarmi, Alhaji ya iso tun la'asar ta hanyar garin Gidar. Shi kuwa yaron yana tashar jirgin ƙasa a Yawunde, zai kwana a hanya zuwa Ngaundare, ya hau mota da safe. Malam ya ce ba za a fitar da kuɗi mai yawa haka ba sai duk manyan magada na zaune. Dattijo mai shekara saba'in da wani abu ya ƙara kwana a Garwa saboda kalmomi biyu da na rubuta. Ya yi Juma'a a babban masallaci, ya ziyarci kabarin amininsa, bai ce mini uffan ba. Ko agogo ba zan iya ɗora wa laifi ba, don Kamaru da Najeriya da Chadi lokacinsu ɗaya ne.

Da aka zo rubuta takardar shaidar cikon, taubashina ya rubuta 1.100.000 da hannunsa. Ɗan Alhaji ya karɓa ya duba ya ce, "Wannan miliyan bakwai da dubu ɗari bakwai fa?" A makarantar Faransanci ɗaya tana da dogon baki da ke gangarowa hagu, bakwai kuma ana yi mata ɗamara a tsakiya don a bambanta su. A Najeriya ɗaya sanda ce tsaye, bakwai ba ɗamara. Ɗayarmu bakwai ce a idonsa. Ya ƙara da cewa in ya ga 16h ma, idonsa kan tsallake ɗayan ya karanta ƙarfe shida.

Abin da muka tsayar

A wannan zaman ne, bayan an biya an yi addu'a, Malam ya ce shagon zai ci gaba a hannun magada, hulɗa da Mubi ma za ta ci gaba, to da wane hannu za a riƙa rubutu? Ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ambaci ajali sananne. Ya ce ajalin da mutum biyu za su karanta su sami rana biyu bai zama sananne ba.

Taubashina ya ce a tsaya kan Faransanci, tunda takardun haraji da na banki da na kotu duk da shi suke. Hujja ce mai ƙarfi. Ɗan Alhaji ya ce littattafai da jaridun Hausa, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, tsarin waƙafi suke bi. Ita ma hujja ce. Ni kuma na kawo abin da na sani a fannina: babban taron ma'aunai na duniya ya tsayar a 2003 cewa ɗigo da waƙafi duk sun halatta wajen raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, dubbai kuma a raba su da ɗan fili kawai, kamar 1 100 000. Akwai kuma tsarin ISO 8601, wanda ya fito a 1988, mai fara wa da shekara, sai wata, sai rana: 2023-02-11. Na so a ɗauki waɗannan. Amma da muka gwada a takarda, filin ya ɓace a rubutun hannu, a waya kuma layi kan karye a daidai wurin, lamba ɗaya ta zama biyu. Tsarin shekara a gaba kuwa Hajiya uwargida ta duba ta ce ita lambar waya take gani. Na janye, kuma har yau ina ganin janyewar ita ce daidai. Tsarin da ya yi wa injiniya kyau ba lalle ya yi wa shagon atamfa ba.

Don a ga zurfin ramin, na rubuta musu canjin yuro ɗaya yadda bankunanmu ke buga shi: 655,957. A Garwa sefa ɗari shida da hamsin da biyar ne da 'yan ɗori. Ɗan Alhaji ya karanta shi dubu ɗari shida da hamsin da biyar da wani abu. Lamba ɗaya, rata ninki dubu.

Malam ne ya raba gardamar da tambaya guda: in mutum zai faɗi abin da baki, yaya zai ce? Ba wanda ke cewa "biyu, sha ɗaya, ashirin da uku". Cewa ake yi Asabar, sha ɗaya ga Fabrairu. Ba mai cewa "ƙarfe ashirin", sai dai ƙarfe takwas na dare. Bakin Bahaushe bai taɓa ruɗewa a nan ba, alƙalami ne ya koyi gajarce-gajarce a gidajen mutane.

Saboda haka wata da sunansa ake rubuta shi, cikakke, tare da ranar mako da shekara mai lamba huɗu: Juma'a, 8 ga Maris 2024. Ba gajartawa, domin Yuni da Yuli harafi ɗaya ya raba su, Maris da Mayu farkonsu ɗaya, Litinin da Laraba da Lahadi duk da harafi ɗaya suke farawa. Ranar mako ita ce mai gadi: da an rubuta Asabar a takardar Mubi, da kalanda ta tona kuskuren nan take. Wanda ke son kwanan watan Musulunci ya ƙara shi a gefe, ba a madadin na farko ba, tunda ganin wata kan bambanta da kwana ɗaya tsakanin gari da gari, shekarar kuma ta gaza ta boko da wajen kwana sha ɗaya. Lokaci kuma da sashen yini: na safe, na rana, na yamma, na dare. In aka ce daren Juma'a, dole a biyo da "wato Alhamis da dare".

Kuɗi ne muka fi daɗewa a kai. Sunan kuɗin ke fara zuwa, sefa ko naira, a rubuce ba da harafi ɗaya ba. Dala da jaka an bar wa baki, ba su shiga littafi. Dubbai da waƙafi, yadda Hausar littafi ta saba. Ba a sa sifiran kwabo, sefa ma dama ba ta da gutsuren da ake ciniki da shi. Gutsuren yadi kuwa da kalma: biyu da rabi, ba 2,5 ba, ba 2.5 ba. Haka rabon gado, Malam ya ce a rubuta sumuni na matan da sunansa, don wani ya ga 1/8 ya ce ɗaya ga Agusta ne. Sa'an nan duk adadin da ya kai sefa 10,000 a maimaita shi da kalmomi, kamar yadda ake yi a cekin banki.

Nan ma sai da muka yi tuntuɓe, domin kalmomin namu suna da nasu rami. "Dubu ɗari da hamsin" nawa ne, 150,000 ko 100,050? A kasuwa kowa na farkon zai ɗauka, amma takardar bashi ba wurin "kowa ya sani" ba ce. Muka ce a maimaita dubun: dubu ɗari da dubu hamsin. In ɗayan ake nufi, dubu ɗari da sefa hamsin. Takardar da Alhaji ya tafi da ita Mubi ga yadda layinta ya fita: "Juma'a, 8 ga Maris 2024, ƙarfe 9:00 na dare, an biya sefa 3,400,000, wato sefa miliyan uku da dubu ɗari huɗu." Muka kuma yarda a riƙa rubuta bakwai da ɗamararta, ɗaya kuma sanda tsaye, kowane ɓangare ya ba da nasa.

Takardun hukuma suna nan da Faransancinsu, ba mu da iko a kansu. Abin da taubashina ke yi shi ne ya rubuta layi ɗaya na Hausa da fensir a bayan kowace. Ɗan Alhaji ya gyara kwamfutarsa, yanzu sunan wata take bugawa. Makwabta biyu a layin 'yan atamfa sun kwaikwaya, wasu sun ce tsawon ya yi yawa, ciniki ba ya jiran alƙalami. Gaskiyarsu ce ta wani gefen, kowane shigarwa kan ci layi biyu maimakon ɗaya. Abin da ya fi wuya shi ne tambayar "dala ko sefa?" da mai rubutu zai yi wa babba duk lokacin da ya faɗi adadi. Ranar farko da aka yi wa Hajiya ita, ranta ya ɓaci, ta ce yaushe aka haifi yaron da zai koya mata ƙirga. Yanzu ita ke riga shi, ta ce "ɗari huɗu, dala".

Shigarwa ɗaya ta rage a littafin Kawu na farko, a shafin da kansa ya yage. An rubuta "mai goro yana bi na", sai ٧, kusa da ita wani tabo da ba a iya cewa jim ne ko tawada ce ta zuba. In dala ce, sefa 35. In jaka ce, 7,000. Ba suna, ba wata, ba shekara. Mun bi layin 'yan goro rumfa rumfa, ba wanda ya tuna, tsofaffin da za su sani sun riga mu gidan gaskiya. Bayan Ƙaramar Sallah Malam ya ce a fitar da sefa 7,000 daga dukiyar, a yi sadaka da ita da niyyar ladan ya isa ga mai goron, ko wane ne shi. Taubashina ya kai ta masallaci ranar Juma'a, 19 ga Afrilu 2024.